Injin Wane

Manasseh ya tsoma buroshi a gwangwanin jan fenti, ya ɗaga hannu, ya sake tsayawa. Karo na uku ke nan. Daga saman tsani ya leƙo ƙasa.

"Maigida Haladu, fenti ba ya jiran shawara fa. In ya bushe a bakin buroshi sai an nemo kananzir."

"Dakata tukuna," in ji Haladu. "Manya suna magana."

Manyan su biyu ne, suna zaune kan tabarma a gindin darbejiya, a bakin kasuwar Gwiwa. Ɗaya Kawu Daudu, ƙanen mahaifiyar Haladu, wanda ya ba da filin da aka kafa rumfar kwanon. Ɗayan Malam Halliru, limamin unguwa, wanda addu'a kawai aka gayyato shi ya yi, amma da ya zo ya tarar ba a raɗa suna ba tukuna sai ya gyara zama. A cikin rumfar ga sabon injin niƙa nan, kore shar, an ɗaure shi a kan siminti, ko ƙwayar gero bai taɓa gani ba. A goshin rumfar kuma ga allo fari fat, tsawonsa kamu shida, babu ko ɗigo a kansa.

Ranar kasuwa ce, kuma bayan azahar za a buɗe. Manasseh mutumin kudancin Zariya ne, a Kazaure yake zaune yana rubutu a jikin motoci. Motar kasuwa ya biyo da safe, ita kuma zai bi ya koma kafin la'asar, don akwai gingimari uku da ke jiransa. In ya tafi, sai wani watan.

"Ni dai na faɗa," in ji Malam Halliru, yana jan carbi. "Albarka. Gajere ne, mai daɗin faɗa, kuma addu'a ce."

Kawu Daudu ya furzar da tuƙar goro gefe. "Allah gafarta Malam, yaushe rabonka da Kazaure? Burodi Albarka, kemis Albarka, mai aski Albarka. Har gidan nan na bayan tasha da ake shan abin da ba a faɗa, Albarka aka rubuta masa. Albarkar ta gaji."

"To, kai me ka gani?"

"Abin ai a fili yake. A rubuta Daudu da Iyalansa. Yaron nan ba iyalina ba ne?"

"Filin ka bayar, ko injin ka saya?"

"In babu fili a kan me injin zai zauna? A kan rawaninka?"

Manasseh ya yi gyaran murya daga sama. "In za ku ji tawa, a sa Haladu Intanashinal. Yanzu a Kano kowa Intanashinal ne. Har mai facin taya na rubuta wa."

"Me yake nufi?" in ji Malam Halliru.

"Wato har ƙasashen waje."

"To, garin tuwon Gwiwa ne zai je ƙasashen waje?"

"Mutanen Nijar suna cin kasuwar nan," in ji Manasseh.

Haladu yana tsugune gefen tabarmar, hula a ƙeya, yana jiran su gama. Ba rashin abin faɗa ba ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙi, daga karen mota har ya zama direban tifa a ma'aikatar ayyuka ta Kazaure, kuma abin da hanya ta koya masa shi ne, in manyan motoci biyu suka haɗu a siririyar gada, ka ja gefe ka bar su su gaji da hon. Sunan da yake so yana cikinsa tun kafin ya ga injin.

Da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, suka sauka a bara, abokan aikinsa kowa ya nuna abin da ya daɗe yana ci masa rai. Wani ya sayi babur ya karya ƙafa a mako na biyu. Wani ya sayi firij alhali gidansa babu wuta, matarsa tana jera kwanuka a ciki. Haladu ya haɗa ariyas ɗinsa, wato cikon albashin baya, da shanu biyu na gado, ya ajiye aiki, ya tafi Kano ya ɗauko inji. Mutane suka ce wayo ne, don daga Gwiwa sai an je Roni ko Kazaure kafin a ga injin niƙa. Wayon yana ciki. Amma abin da ya fi ja masa rai allon ne.

Mahaifinsa, Muhammadu Lawal, mahaƙin rijiya ne. Rijiya goma sha huɗu ya haƙa tsakanin Gwiwa da Roni, a ƙasar da kafin ka kai gaba biyu dutse ya yi maka sannu da zuwa. Har yau ana shan ruwansu. Amma je ka tambaya: wannan Rijiyar Dagaci, waccan Rijiyar Alhaji Sama'ilu, ta bakin hanya Rijiyar Gwamnati. Mai biya ake kira, ba mai shiga rami ba. Ya rasu, sunan ya bi shi. Haladu ya yi niyyar mayar da shi ta hanyar da kowa ke bi, sai Allah ya ba shi 'ya'ya mata biyar reras. Duk cikin da matarsa Saude ta ɗauka sai ya turke rago yana kiwo da sunan a bakinsa, rago ya ci wuƙa, sunan ya koma aljihu. To, a Ikko da Anacha ya ga yadda mutane ke kafe sunan ubanninsu a goshin kanti, duk mai wucewa ya karanta, duk mai aike ya ambata. Ya ce shi ma sai Gwiwa ta riƙa faɗin sunan nan safe da yamma, ko tana so ko ba ta so.

Da ya ga manyan sun fara maimaita kansu, sai ya matso.

"Kawu, Allah gafarta Malam, ni yaro ne, kada in yi rashin kunya. Amma jiya na yi mafarkin Baba."

Bai yi mafarkin kowa ba. Barci ya yi kamar an jefa dutse a rijiya. Sai dai ya san ba a takara da mamaci.

"Allah ya jiƙansa," suka ce tare.

"Amin. Shi ne na ce, da za ku yarje mini, a sa Muhammadu Lawal." Kafin Kawu ya buɗe baki ya juya wajensa. "Kuma na tuna, Kawu, babban ɗanka ai Lawal ne. Duk wanda ya gani zai ce gidan Daudu ne." Ya juya ɗaya gefen. "Allah gafarta Malam, mahaifinka ma, babban Liman, in ban manta ba…"

"Muhammadu Lawal," in ji Malam Halliru, murya ta yi laushi. "Allahu Akbar."

"Ga shi Dagaci ma sunansa ke nan. Wane gida ne a Gwiwa babu Lawal? Kowa zai ga nasa."

Kawu Daudu ya yi lissafi, ya ga bai fita hannu rabbana ba. Ya gyaɗa kai. Malam Halliru ya ɗaga hannuwa ya shafa fatiha. Haladu ya ɗaga kai ya kashe wa Manasseh ido.

Kafin rana ta take, an gama. INJIN NIƘA NA MUHAMMADU LAWAL, da jan fenti, kowane baƙi ya kai tsawon tafin hannu biyu, ga zangarniyar gero an zana a kowane gefe. Haladu ya tsallaka hanya ya kalla daga can. Ya ƙara ja da baya har rumfar mahauta ya sake kalla. Bai yi boko ba, a jikin motoci ya koyi haɗa baƙi, amma wannan ko ido rufe zai karanta shi. Maza suka taru ana sam barka, kowane Lawal na kasuwar ya zo ya tsaya a ƙarƙashi yana murmushi kamar shi ya saya.

Ana cikin haka Dela ta iso da ƙunshinta a ka.

Dela dillaliya ce. Babu gidan kulle a Gwiwa da ba ta shiga, babu rugar da ba ta san sunan karnukanta ba. In kana son magana ta kai kunnen mata kafin la'asar, Dela za ka gaya wa, ka kuma roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Haladu ya riga ya yi mata alkawarin turmin atamfa, ita kuma za ta zaga gidaje da layin masu nono ta shelanta cewa yau niƙa kyauta ne.

"Sannu da arziki, ɗan Shatu. Kai, abin ya yi kyau. Me aka rubuta?"

Haladu ya gyara tsayuwa, ya karanta mata da ƙarfi, yana nuna kowace kalma da yatsa.

Dela ta sauke ƙunshin a hankali. Ta dafe baki.

"Inna lillahi. Wa ya ba ka wannan shawara?"

"Ni da Kawu da Liman. Me ya faru?"

"Maza uku. Ai na sani." Ta juya ta kalli tabarmar. "Ina kwana, Allah gafarta Malam. Ina kwana, Daudu. Ku da furfurarku aka yi wannan a gabanku?"

"Ke Dela, faɗi abin da ke bakinki," in ji Kawu.

"Abin da ke bakina ai shi ne ba zai faɗu ba. Haladu, mijina wane ne sunansa?"

"Lauwali mai gyaran keke mana."

"To. Shekara talatin da ɗaya ina zaune da bawan Allahn nan, ko a mafarki ban taɓa kama sunansa ba. Ran da ya faɗo daga kan rumbu ma 'wayyo shi' na ce. Sai yau, saboda garin tuwo, in bi gida-gida ina ƙwala shi kamar mai tallar gishiri?"

Haladu ya yi dariya. "To ke kaɗai ce a garin?"

"Ƙirga mana." Ta fara lanƙwasa yatsu. "Gidan Dagaci, matansa uku, sunan miji. Gidan Liman, sunan suruki, har jikokin gidan da aka mayar wa, 'Mai sunan Malam' ake ce musu. Gidan kawunka ga shi nan zaune, ɗan fari ne, matarsa ko da wuƙa ba za ta faɗa ba. Gidanka kai kanka, Saude za ta kama sunan uban mijinta? Balle matan ruga, waɗanda ko kalmar da ta yi kama da sunan suruki sai sun kewaye ta. Duk macen da ta haifi ɗan fari namiji aka sa masa sunan Manzo, ai shi ke nan an rufe mata baki. Wadda ta tsira ta wajen miji ta faɗa ta wajen ɗa, wadda ta tsira ta wajen ɗa suruki ya tare ta."

"Ai shi na ce, kowane gida akwai shi," in ji Haladu, amma muryar ta ragu.

"Shi ne ciwon! Kai, wa ke kawo niƙa? Ka taɓa ganin Liman da ƙwarya a ka?"

Malam Halliru ya duƙufa kan carbinsa.

Haladu ya ce, "Zamani ya canja, Dela. Ni na je Ikko, na je Fatakwal. Can mace sai ta kira mijinta da sunansa a gaban jama'a, babu abin da ya faɗo daga sama."

"To ka kai injin can. Ka gaya mini, innarka ta taɓa kiran sunanka?"

Haladu ya sosa ƙeya. Shi ne ɗan fari. Shekara arba'in da huɗu "kai" yake, wani lokaci "wannan", in ta ji daɗinsa "ɗan nan". Bai taɓa tsayawa ya yi tunanin abin ba, kamar yadda mutum ba ya tunanin hancinsa.

Dela ta ɗauki ƙunshinta. "Atamfa dai na karɓi alkawarinta, shela zan yi. Zan ce su zo injin wane."

"Injin wa?"

"Wane. Za su gane."

Sun kuwa gane. Ana idar da sallar azahar, bakin rumfar ya cika. Tsofaffi da zawarawa, matan ƙauye da suka zo cin kasuwa, matan ruga da suka sayar da nono suka auno gero da kuɗin, ga kuma ƙwarya-ƙwarya da kwanukan da matan kulle suka aiko da su. An jera su layi tun daga bakin inji har gindin darbejiya, kowacce da tsinke ko ƙyalle a ciki don shaida. Liman ya yi addu'a, aka raba goro. Haladu ya naɗe hannun riga, ya murza handul, inji ya yi tari biyu ya kama, tut-tut-tut, hayaƙi ya tashi. Mata suka rangaɗa guɗa.

Sai dai kunnen direba ya saba jin magana a cikin ƙarar inji.

"Nan ne injin wane?"

"Nan ne, Yaya, ajiye a bayan tawa."

"An ce sunan baban su Hajara aka sa."

"A'a, sunan yaron nan nawa ne, babban."

"Ke dai, injin wane. Allah ya sa alheri."

Wane. Wane. Ta kowane gefe wane. Rijiya goma sha huɗu an ba wasu, yanzu ga allo kamu shida, da kuɗinsa, da jan fenti, an mai da uban nasa wane, mutumin da ba kowa ba. Kuma ya san halin garinsu, sunan da aka kira abu da shi ranar farko shi zai bi shi har ya ruɓe. Haladu ya niƙa ƙwarya biyu, ta uku tana hannunsa ya dire ta. Ya miƙa hannu ya kashe injin.

Wurin ya yi tsit.

Ya hau kan buhu. "Iyayena, yayyena, ku saurara. Na ce niƙa kyauta ne, ban fasa ba. Amma injin nan yana da suna, ga shi a rubuce. Duk wadda ta zo gabana ta faɗi sunan, baki buɗe, a niƙa mata. Wadda ba za ta faɗa ba, turminta yana gida yana jiranta."

Manasseh, da ke wanke buroshi a gefe, ya ce a hankali, "Maigida, wannan hanyar akwai rami."

"Ni direba ne."

Mata suka dubi juna. Wasu suka ja mayafi, wasu suka shiga gyaran tsinken ƙwaryarsu kamar shi ne babban aiki a duniya. Can sai Rhoda, matar malamin asibiti, ta matso da ɗan kwanon masara. Ta ɗaga kai ta karanta allon tiryan-tiryan, har da "na". Haladu ya yi murmushi ya karɓi kwanon. Mudu ɗaya ne.

"Kun gani? Ta mutu? Saura wa?"

Wata tsohuwar Bafulatana ta taso tana dogara sanda, fuskarta duk zane. Ta tsaya gabansa.

"Muhammadu," ta ce, "sallallahu alaihi wa sallam."

Gaba ɗaya wurin ya amsa salati, har da Haladu.

"Saura rabin, Inna."

"Rabin na bar maka. Niƙa mini rabin ƙwaryar, in daka sauran."

Aka fashe da dariya. Haladu bai yi ba. Ya ga wasu daga bayan layi sun fara ɗaukar kayansu suna ɗorawa a ka, ba faɗa, ba zagi, sun juya kawai. Wata ma har da yi masa Allah ya sa alheri.

"Ku ba ni hanya! Ni zan faɗa!"

Ma'u ce. Haladu yana ganinta ya tuna abin da ya kamata ya tuna tun da farko. Wata biyu ke nan da Lawal mahauci ya sake ta, bayan ya yanka akuyarta ya sayar da naman ya ce kura ce ta ɗauke. Shekara tara tana haɗiye sunan nan. Ta dire tasarta a gaban inji, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta juya ta fuskanci rumfar mahauta.

"Muhammadu Lawal!" Muryar ta kai har layin masu tukwane. "Muhammadu Lawal, macuci, azzalumi, mai cin akuyar marainiya! Kurar da ta san hanyar mahauta! Muhammadu Lawal, Allah ya isa tsakanina da kai har gaban…"

"Ke! Ke Ma'u! Ba shi ake nufi ba!" in ji Haladu.

"Ni shi nake nufi. Ka ce a faɗa baki buɗe. In ƙara? Tasa biyu gare ni."

Kasuwa ta kece. Mahauta suna buga wuƙa a kan teburi, Lawal ɗin ya sulale ta bayan rumfa. Kawu Daudu yana dariya har hularsa ta faɗi, ya manta babban ɗansa ma sunan ke nan. Malam Halliru yana ta a'uzubillahi, yana kallon allon kamar ya hau ya rufe shi da rigarsa.

Haladu ya sauko daga kan buhun. Abin da ya ajiye aiki dominsa ke nan: a faɗi sunan ubansa a tsakiyar kasuwar Gwiwa. An faɗa, sau uku, kowa ya ji.

Can tasha motar Kazaure ta yi hon na farko.

"Manasseh, akwai sauran farin fenti?"

"Akwai rabin gwangwani."

"Hau ka shafe."

"Duka?"

"Ka bar zangarniyar."

Kawu Daudu ya ɗauki hularsa yana kakkaɓewa. "Dama na faɗa. Daudu da Iyalansa, wace mace ce za ta…"

"Matarka," in ji Dela daga cikin mata.

Manasseh ya jingina tsani, ya hau da farin fenti. Ya tsoma buroshi ke nan sai mata suka fara darewa suna gaisuwa. Inna Shatu ce, mahaifiyar Haladu, tafe a hankali da 'yar ƙwaryar gero a hannu. Ta fi shekara ba ta taka kasuwa ba saboda ciwon gwiwa. Labari dai ya riga ya je mata, da ƙari.

Haladu ya durƙusa. "Inna, da kin aiko."

Ba ta dube shi ba, ba ta saba ba. Ta kalli Manasseh a sama.

"Wancan me zai yi?"

"Shafewa zai yi, Inna. Kuskure na yi. Na so a riƙa faɗin sunan Baba ne, ga shi masu mutunci ba za su faɗa ba, wadda ta faɗa kuma kin ji yadda ta faɗa."

"Na ji. Har cikin ɗaki na ji." Ta ajiye ƙwaryar. Ta dubi layin matan, waɗanda suka rage da waɗanda suka tsaya nesa da kaya a ka suna jiran ganin ƙarshe. "Kai, kana yaro, ba ka san komai ba. Yana raye wa bai kama sunansa ba? In guga ya faɗa rijiya, daga bakin zaure yaran Dagaci suke ƙwala masa kira, ko sallama babu. In akuya ta faɗa, mata ta kan katanga suke jefo sunan kamar suna kiran kaza. Ko 'Malam' ba wanda ya taɓa ce masa. Duk garin nan ni kaɗai nake jin nauyinsa." Ta numfasa. "Yau na fito na tarar da mata sun fi arba'in. An ce ga niƙa kyauta, sun gwammace su koma su kama taɓarya da su buɗe baki."

"Inna, ai ba don shi suke yi ba. Kowacce nata take ji wa."

"Na tambaye su ne?"

"A'a."

"To kai ma kada ka tambaya."

Motar Kazaure ta sake yin hon, dogo. Farin fenti ya ɗigo daga bakin buroshi ya sauka a kan takalmin Kawu Daudu.

"Maigida, in shafe ko in sauko? Mota za ta bar ni."

Haladu yana durƙushe. Ya kalli allon, ya kalli matan. Sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Sauko."

Ya juya wajen layin, bai hau buhu ba wannan karon. "Iyayena, ku yi haƙuri, zafin inji ne ya hau mini kai. Ku dawo da kayanku. Duk wadda ba ta faɗa ba, kyauta ne. Rhoda baƙuwa ce, ita ma kyauta."

"Ni fa?" in ji Ma'u.

"Ke kwabo biyar."

"Don me?"

"Sau uku kika faɗa. Na yi miki ragi."

Ya murza handul, inji ya kama. Mata suka dawo ana ture-ture ana neman tsinke, Dela tana tsakiya tana raba faɗa tana cewa kowa ta bi sannu, injin wane ba gudu zai yi ba. Haladu ya ji, ya ɗauki ƙwaryar innarsa ya juye ta farko.

Manasseh ya haɗa gwangwanayensa zai ruga tasha, Inna Shatu ta tare shi da sanda.

"Kai ɗan nan, a cikin jajayen nan, wanne ne shi?"

Manasseh ya ajiye kaya, ya nuna mata da yatsa. "Daga nan ya fara, Mama, har zuwa can ƙarshe. Duk wannan shi ne."

Ta ɗaga kai ta bi baƙaƙen da ido tun daga farko, a hankali. Ba ta kai ƙarshe ba ta kawar da fuska, ta jawo mayafi ta rufe baki.